Ɗakin Inna da Benci Arba'in

Gazawa, Lahadi 18 ga Afrilu, 1993

Zuwa ga ƙanena Mas'udu, a Kwatano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

"Yaya, kwana arba'in kawai. Da an tashi Taron Ƙasa zan zo da mota in kwashe komai, ko tsinke ba zan bari ba, har in sa a shafa wa ɗakin farar ƙasa." Ka gane maganar? Taka ce. A tsakar gidanmu ka faɗe ta, cikin damina, Inna na zaune bisa tabarma tana tsince wake, ni ina gyaran kaye, littattafan rubutun 'yan lakol da nake koyarwa, samarin jam'iyyarku kuwa suna ta shiga da benci ɗakinta kamar tururuwa. Taron da aka ce kwana arba'in ya ci wata uku da 'yan kai, ya tashi. An yi ƙuri'ar sabon tsarin mulki, an yi zaɓen depite na majalisa, an yi na shugaban ƙasa har zagaye biyu, shekaranjiya Juma'a muka ji a rediyo an rantsar da wanda ya ci. Ƙasa guda ta kwashe kayanta daga wannan ɗaki ta kai wancan, kai kuwa naka suna nan inda ka aje su, yau wata ashirin da ɗaya. Na sa maganarka gaba da gaisuwa ne don kada ka karanta gaisuwar ka ninke takardar, na san halinka tun kana goye.

To, yanzu bari in gaishe ka kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sharrin baƙunta da na abokan banza, ya sa albarka a abin da kake nema a bakin teku. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat. Gwaggo Batulu tana nan, ƙafafun ne dai suka ƙara kumbura, yanzu ba ta kai wa bakin rijiya. Matarka Baturiya lafiya take, kuma ka gode wa Allah da ya ba ka ita, don ba kowace mace za ta zauna shiru a kan abin da ta zauna ba. Abdurrahaman ya fara haɗa baƙi, Rufaida ta yi ƙyanda cikin azumi amma ta warware, Musa ya yi haƙora huɗu kuma yana cizon kowa. Nawa ukun su ma lafiya. 'Yar'uwarmu Saliha ta zo daga Gidan Sori da ƙaramar salla ta kwana biyar, ta rame kaɗan, ta ce aikin gona ne. Kawu Idrisa yana Agye, yakan leƙo mu ranar kasuwa.

Saƙonka ya iso ta hannun Inusa direba: turmin atamfa ɗaya na Baturiya, gwangwanin kifi shida, da maganar baki cewa a gaya wa Yaya ta ƙara haƙuri da kayan ɗakin Inna sai an kafa gwamnati an ga inda aka dosa. Mun gode da kifi, yara sun lashe har gwangwanin. Haƙurin ne ban san inda zan samo ƙari ba, Mas'udu. Na duba ko'ina cikin gidan nan, don kwanan nan ba lungun da ban shiga ba, ban tarar da sauransa ba. Ba ma fushi ne ya fi yawa a raina ba. Fushi yana son ƙarfi, ni kuwa na gaji, irin gajiyar da ko mutum ya kwanta ba ta sauka. Shekarata arba'in da bakwai, ina koyar da yara saba'in da biyu a rumfar zana, in dawo in auna hatsi, in raba faɗan yara, in shafa wa Gwaggo man zafi. Rai dangin goro ne, ka sani.

Bari in gaya maka yadda gidan nan yake tafiya, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Mu baki tara ne, huɗu daga ciki naka. Albashina na watan Janairu shi ne na ƙarshe da ya shigo hannuna, shi ma sai da na yi sawu uku zuwa Agye, kuɗin mota ya ci wani abu daga ciki. Kowane wata ana cewa wata mai zuwa, har na fara zaton ko ku ɗaya ne da masu baitulmali. Da muna dafa tiya uku na hatsi a rana, na mai da shi biyu da rabi, yanzu biyu, fura da rana tuwo da dare, kokon safe kuwa na yara ne da Gwaggo kaɗai. Na sa Tsoho magini ya leƙa mini rumbu ya ƙirga dami, abin da ya rage zai kai mu ƙarshen Mayu in ba a yi baƙi ba, kuma ka san gidan nan ba ya rabo da baƙi. Nama ranar kasuwa kawai, na dala arba'in. Sukari na cire shi gaba ɗaya. Fitila ɗaya ake kunnawa, sabulu sanda guda nake yankawa gida shida in ɓoye biyar. Na buɗe kaye guda ina rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, shafin fita ya yi gaba, na shiga kuwa fari tas kamar allon da aka wanke. Ba kuka nake maka ba, kowa a garin nan haka yake, matar jandarma ma ƙosai take soyawa. Ina so ne ka san ma'aunin da nake auna komai da shi yanzu.

Da wannan ma'aunin na auna waken bara. Buhu shida muka samu a gonar Baba, wake mai kyau, fari, ba huji. Kowa ya san wake ba a sayar da shi da kaka, ajiye shi ake yi sai bazara mutanen Najeriya sun zo suna roƙo. Amma ina zan aje shi? Rumbu na hatsi ne. Ɗakina mu huɗu ne da Gwaggo ta biyar, ɗakin Baturiya ita da yara uku da gadonka. Zaure ba ƙofa, awaki ke kwana ciki. Ɗaki ɗaya ne a gidan nan mai daɓen siminti da ƙofar ƙarfe, inda Inna take zuba wakenta da toka shekara da shekaru, shi ne kuwa wanda ka cika. Na sayar da shi a bakin gona, a farashin kaka. Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya na tambayi kuɗin buhu, ba don zan saya ba, don dai in ji zafin da kyau. Ya kusa ninkawa. Abin da muka yi asara ya isa ya kai mu watan Agusta da hatsi. Wannan shi ne kuɗin hayar da bencinka suka biya mu.

Da aka yi hutun lakol sai na ce tunda ba zan iya ƙara abin da ke shigowa ba, bari in ga abin da gidan ya haɗiye. Ni da Baturiya muka ɗaura zane, muka fara daga madafa, kwana tara muna fito da kaya tsakar gida. Wallahi Mas'udu ban san muna zaune bisa juji ba. Keken Baba da ba ƙafa ba sarƙa. Fitilun ƙwai bakwai, ba wadda ke da ƙwai. Rediyo uku da suka yi shiru tun zamanin soja na farko. Tukwane fasassu da aka ce za a kai a ɗinke tun ina budurwa, ƙoren da suka tsage, takalma wari-wari har goma sha ɗaya, garmar shanu da ta karye, da wani buhu cike da murafan kwano waɗanda kwanukansu sun daɗe da mutuwa. Muna tarawa Gwaggo na bin bayanmu da sandarta tana tsamowa, tana cewa ajiya maganin wata rana. Na ce mata wata ranar ta zo sau nawa ta wuce, ba ta taɓa tambayar murfin kwano ba. Ta ce ni dai boko ya cinye mini tausayi. Da yamma na tarar ta ɓoye fitila biyu da warin takalmi ƙarƙashin shimfiɗarta, na yi kamar ban gani ba. Tsohuwa ce, kuma abin da ta ɓoye bai tare wa kowa hanya ba.

Ƙarafan duka maƙeri ya saye, har keken, ya ce zai fitar da hauya huɗu daga garmar. Abin da ya ba mu ya sayi gishiri da sabulu da kananzir na wata biyu. Kada ka ce kayan wasu kawai na taɓa. Jaridun da nake tarawa tun da aka ba kowa bakin magana, tuli guda har ƙugu, waɗanda nake cewa zan aje wa yara su ga yadda aka yi, na kai wa mai tsire ya naɗe nama da su. Na ga jawaban manya da yawa sun tafi da yaji a fuska, kuma ban ji sun rage daraja ba. Rigunan marigayi mijina da na riƙe shekara shida a akwati ina buɗewa ina rufewa, na fito da su na ba ƙannensa biyu, na ba ladan ɗaya. Wannan ta yi mini wuya, ban ɓoye maka ba, sai da na shiga bayan ɗaki na zauna. Littattafan Baba da ƙamusuna kawai na bari. Yanzu in ka shigo gidan za ka ce ba shi ba ne, iska na ratsa madafa, kunama ta rasa maɓoya, Musa yana rarrafe ba a bin sa da ido. Mun share ko'ina, sai muka zo ƙofa ɗaya muka tsaya da tsintsiya a hannu.

Ka manta abin da ke ciki? Ni ban manta ba, a gabana aka shiga da su. Benci arba'in. Injin wuta da bai taɓa tashi sau biyu a jere ba. Amsa-kuwwa biyu. Huluna buhu uku masu launin jam'iyya. Daurin takardu masu hotonka, kana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da Makka, waɗanda kuka ƙaro daga baya ta taga. Sai siminti buhu talatin da kuka ce na ginin buro ne, ofishin jam'iyya. Ɗakin ƙasa kuwa kowace shekara yana son a hau a yi masa yaɓe, a shiga ciki a duba azara, ka san wannan tun kana yaro kana miƙa wa Baba kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Damina biyu ba wanda ya shiga. Na kira Tsoho ya hau bisa ya taka, ya sauko yana girgiza kai. Ya ce gara ta cinye azara huɗu na gabas, rufin ya yi ciki, indararo ya toshe, ruwan bara ta cikin bango ya bi. Ya ce ba zai iya sa azara daga sama ba, sai an fitar da komai ya kafa tokara daga ciki, kuma in ruwan farko mai ƙarfi ya same shi haka, ba ya ɗaukar wa kowa alkawari. Na tambaye shi bangon da ya haɗa ɗakin da nawa fa, wanda Gwaggo ke kwana a gindinsa. Ya ce bango ɗaya ne, Malama, ba ya faɗuwa rabi. Aikin duka da azara jika goma sha biyu ya ce, kuma ya yi mini ragi ne don Baba.

Akwai abin da ba ka sani ba, kuma yau zan gaya maka. Kawu Idrisa ne ya hana a faɗa maka lokacin da ka zo sadakar bakwai ta Inna, ya ce zuciyarka ba za ta ɗauka ba ga zaɓe a gabanka. Na bi maganarsa wata shida, yanzu na ga ba a kyauta maka ba da aka ɓoye. Ka tuna da Inna ta sayar da shanunta biyu ta tafi Makka, abin da ta fi murna da shi da ta dawo ba haƙorin zinariya ba ne, ba ta ma sa ba. Farin yadi ne da ta saya can ta tsoma a ruwan zamzam, ta shanya, ta ninke, ta ce shi ne likkafaninta. Yana ƙasan adakarta da turare. Kowace shekara bayan kaka takan fito da shi ta sha masa iska a cikin ɗaki, ba ta bari yara su gani, ta sake ninkewa ta mayar. Ranar da kuka shigo da kaya, samarinka suka tura gadonta da jerenta da adakar can bangon ƙurya, suka cika gaba. Ta ce ba komai, kwana arba'in ne, ta ɗauki tabarma da buta ta koma ɗan ɗakin da ke jikin madafa, inda muke aje itace. Sau uku na ji ta tambaye ka adakar, sau uku ka ce mako mai zuwa. Da na ce zan sa a fasa a ɗauko mata, ta hana ni. Ta ce kayan ajiya ne, kuma na mutane ne, kada a ja wa yaro magana a gari.

Ta cika da hantsi, kana Yamai kana neman a sa sunanka a jerin 'yan takara, makulli na aljihunka. Mata na yi mata wanka na tuna da yadin, na fita na gaya wa Kawu. Ya sa aka fasa kwaɗon. Muka buɗe ƙofa muka tarar da benci tun daga ƙasa har azara, an ɗaure su da waya, bayansu simintinku ya sha ruwan damina ya zama dutse, buhu bisa buhu, ya manne da juna kamar ganuwa. Maza huɗu suka kama bencin farko suka fizgo, sai daurin takardunka ya ɓalle, hotonka ya watsu tsakar gida a gaban masu zaman makoki, rabinsu 'yan wasu jam'iyyu. Na ji wani ya yi dariya ya mai da ita tari. Liman ya dubi rana ya ce ko an wuni ba za a kai ga ƙurya ba, gawa kuwa ba ta jira. Kawu ya aika kasuwa aka yanko yadi. Da shi aka rufe ta. Na san Allah ba ya duban yadi, liman ya faɗa, ni ma na karanta da idona. Amma shekara bakwai matar nan tana sha wa abu iska, taku goma tsakaninta da shi, ta tafi ba shi. Ni na tsince hotunanka ɗaya ɗaya daga ƙasa kafin a fito da ita, don kada a taka fuskarka.

Za ka ce me ya sa tun ranar ban kwashe ba, tunda kwaɗon da ke ƙofar yanzu nawa ne. Na tambayi kaina haka sau da yawa. Maganarta ce ta ɗaure ni. Duk ranar da na ɗauki makulli sai in ji tana cewa kayan ajiya ne. Mu haka muka taso, in mutum ya ba ka ajiyar ko allura ce, ka mutu a same ta a inda ya bar ta. Baba ya riƙe wa wani Bafillace sirdi da tukunyar ƙarfe shekara tara har ɗansa ya zo ya karɓa. Wannan tarbiyyar ce ka hau kanta ka zauna, ka san ba za mu taɓa ba. Amma na je wurin liman na zayyana masa komai, kuma na dawo na buɗe littattafan Baba na duba da kaina, don ban cika son a karanta mini abin da zan iya karantawa ba. Abin da ya ce shi na fahimta: ajiya amana ce, amma ba a ce mai riƙon amana ya zauna gini ya faɗa wa tsohuwa don benci ba. A sanar da mai kaya, a ba shi lokacin da zai iya zuwa, a kafa shaidu. Wannan takardar ita ce sanarwar. Na rubuta ta biyu, ɗaya tana hannun Kawu.

Na san amsarka tun kafin ka ba da ita, don Inusa ya ɗan ɓara mini. Za ka ce kayan jam'iyya ne, in suka ɓata za a kai ka jandarma. Wace jam'iyya, ƙanena? Wadda ba ta samu kujera ko ɗaya ba, shugabanta na nan ya koma wata tun kafin a gama ƙirga ƙuri'a, ma'ajinta ya koma sayar da taki? Na aika wa mutum uku cikinsu su zo su ɗauki kayansu. Ɗaya ya ce shi bai taɓa shiga ba, rakiya ya yi. Ɗaya ya ce a tambaye ka. Na ukun ya ce in injin yana tashi yana so. Na karanta sabon tsarin mulkin nan tun daga farko har ƙarshe, da Faransancinsa, na kuma jefa masa ƙuri'ar amincewa, ban ga inda aka ce ɗakin uwar mutum shi ne ma'ajin dimokuraɗiyya ba. Ban yi maka dariyar faɗuwa zaɓe ba, kuma ban bari an yi a gabana ba. Ƙuri'a ɗari biyu da goma sha ɗaya ka samu a nan, ɗaya tawa ce, ɗaya ta Gwaggo da aka kai ta a amalanke. Faɗuwa ba abin kunya ba ne. Tafiyar da ka yi kwana shida bayan zaɓe da asuba, ba ka ko dubi ƙofar ɗakin ba, ita ce ban gane ba har yau. In kunyar gari ce ta kore ka, gari ya manta, yanzu maganar taki da iri ake yi. Mu ne ba mu da halin mantawa, don kullum ta gaban ƙofar muke wucewa zuwa rijiya.

Saura magana ɗaya, ita kuma tana son yardarka. Makon jiya ina shafa wa Gwaggo mai a ƙafa ta riƙe hannuna, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce ita dai Allah bai nufe ta da Makka ba kuma ta san ba za ta je ba. Ta ce in an buɗe adakar, in gara ta bar wani abu daga yadin nan, ko za mu ba ta. Ta ce ita da Inna shekara hamsin suna gida ɗaya ba su taɓa raba kwano ba, ba ta jin Inna za ta hana ta. Ta faɗa tana kallon bango, kamar mai roƙon abin da ya fi ƙarfinta. Yadin yanzu gado ne, na mu uku, kamar jeren da gadon da har yau ba a raba ba saboda ba a kai gare su. Ni na yarda, Saliha ta yarda tun da ta zo. Kai ne saura. Ban sani ba ko akwai abin da ya rage a adakar, wataƙila mu buɗe mu tarar da ƙasa. Amma Gwaggo ba ta da damina da yawa a gaba da za ta jira a kafa gwamnati, kuma ba zan tsaya sau biyu a tsakar gidan nan ina aikawa kasuwa ba.

Ka gaishe mini da maigidanka Alhaji Cindo da iyalinsa, ka ce mun gode da riƙon da yake maka, Allah ya saka masa. Ka gaida duk 'yan Gazawa da ke nan tashar jirgin ruwa. Gwaggo Batulu tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kuma ka bar shan ruwan sanyi. Kawu Idrisa yana gaishe ka, Saliha da maigidanta suna gaishe ka. Baturiya na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce a gaishe ka kawai, sai ta tashi ta shiga ɗaki. Abdurrahaman ya ce a gaya maka ya iya rubuta sunansa, kuma shi ne ya yi wannan layin karkatacce da za ka gani a ƙasan takardar. Ni ma ina gaishe ka, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma duk abin da na rubuta a nan ban rubuta wa bare ba.

Ga lokacin. Inusa zai iso gare ka cikin mako guda, ya kuma ce zai sake juyowa kafin tsakiyar Mayu, saboda haka kana da hanyar zuwa kana da hanyar aikowa. Ina jiranka har Juma'a, goma sha huɗu ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, hadari ya riga ya fara leƙowa ta kudu. In ka zo, ko ka aiko mota, ka kwashe abinka ka kai inda ka ga dama, ba mai ce maka komai. In ba ka zo ba, ranar Asabar da sassafe zan buɗe ƙofar a gaban Kawu da wakilin liman da mai unguwa, a rubuta komai da sunansa. Benci arba'in za su tafi lakol a matsayin aro, yarana su daina zama a ƙasa, duk mai cewa nasa ne ya same ni a aji. Injin da amsa-kuwwa za su tafi kasuwa, kuɗinsu ya biya Tsoho da azara, in da saura a ba Baturiya a hannunta. Hulunan kuwa 'yan noma za su sa su. Takardun bayansu fari ne, yara za su yi lissafi a kai, za a kife fuskarka ba za a taka ta ba. Simintin za a farfasa a jera gindin bango inda ruwa ke ci. Shirunka a kan yadin kuwa zan ɗauke shi yarda, in miƙa wa Gwaggo da sunan mu uku. In wani ya kai ƙara, na san hanyar jandarma, kuma da hannuna zan rubuta bayanina. Bayan haka ba zan sake rubuta maka komai a kan wannan ɗaki ba. Duk ranar da ka ga damar dawowa za ka tarar da shi a buɗe, a share, da tabarma a shimfiɗe. Ka shiga ka zauna ka yi wa Inna addu'a a ɗakinta, ita ba ta samu komawa ba.

Allah ya sada mu da alheri, ya ba mu damina mai albarka.

Ni ce yayarka,
Rahina